Shawarwarin da aka bayar kan tafiya Ayilan

Ga abin da na tsinta daga hirar da muka yi da 'yan uwa mazauna can, don masu niyyar karatu ko aiki.

Na farko dai kar a rikice, tsibirin kashi biyu ne. Jamhuriyar Ayilan mai hedikwata a Dublin tana cikin Tarayyar Turai tun 1973, yuro suke kashewa, ita kuma Ayilan ta Arewa ƙarƙashin Birtaniya take. Bizar Ingila ba za ta shigar da ɗan Najeriya Dublin ba, ta Shengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, ma haka, sai ka nemi tasu.

Jamhuriyar ƙarama ce, mutum miliyan 5 da ɗoriya a ƙidayar 2022, jihar Kano kaɗai ta ninka su. Firaminista ke riƙe da gwamnati, shugaban ƙasa kusan na girmamawa ne.

Aiki kam akwai, Google da Meta na Dublin, Apple na Cork, ga kamfanonin magunguna, ƙarancin haraji ne ya jawo su. Amma inda kowa ya fi jan kunne shi ne gida, wallahi haya a Dublin ta yi tsada sosai, har ɗaki ɗaya sai an yi layin dubawa, saboda haka kar ka tura wa kowa kuɗin kafin alƙalami ba ka ga ɗakin da idonka ba, 'yan damfara sun yi yawa. Wasu sun ce a gwada Limerick ko Galway.

Ɗalibi awa 20 aka yarje masa ya yi aiki a sati lokacin karatu, abin da zai samu ba zai isa biyan kuɗin makaranta ba. Sannan a tanadi rigar ruwa mai kyau, yayyafi ba ya sanarwa.