Kuɗin kayan darasin waƙa: kibod, majigi ko lasifika?

Hedimasta, Gusau: Assalamu alaikum 'yan zaure. Kwamitin kula da makaranta (SBMC) ya ware mana naira dubu 150 don ɓangaren kiɗa da waƙa na darasin al'adu da fasaha (CCA), aji 1 zuwa 6. Malamai biyu ke ɗaukar darasin, dukansu masu NCE, amma ba waƙa suka karanta ba. Babu wuta a makarantar. Ana ta ja tsakanin kibod, majigi da lasifika. Wanne ya fi? Ranar Laraba za mu zauna.

Malamar Aji 4, Zariya: Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Lasifika.

Mai Sola, Kano: Majigi dai a cire shi daga lissafi. Mai fitila yana cin wat 250 zuwa 300, sai da janareta. Ƙananan nan masu kama da gwangwanin madara kuwa, haskensu ba ya fitowa a ajin da tagoginsa ke buɗe da hantsi. In an rufe tagogin, yara 80 sun shiga gumi.

Malamin Kwaleji: Kibod kuma sai da mai iya kaɗa shi. In babu, kwali zai koma.

Mai Gyaran Rediyo, Funtuwa: Ranka ya daɗe, tunda an ce lasifika bari in yi dogon bayani, don a nan kuɗin makarantu ke salwanta. Wadda aka fi saya ita ce babbar nan mai taya da hannun ja, mai zuwa da makirfo biyu. Ba ta da laifi, amma abu uku ke kashe ta, kuma kusan kullum kafin shekara ta zagayo.

Na farko batir. Yawancinsu batirin dalma ne a ciki, 12V, ko dai 4.5Ah ko 7Ah. Mai 7Ah yana riƙe wat-awa 84, amma rabi kawai ya kamata a ci, wato wajen 42. In lasifikar na jan wat 12 a ƙarar da ta dace da aji, kun sami awa uku da rabi ke nan, ya ishi kwana guda har da saura. Matsalar ita ce a bar ta tana yi har ta mutu da kanta, sannan a kulle ta a ofis a tafi dogon hutu. Batirin dalma in ya yi makonni a ƙwame, farantan cikinsa sukan yi kanta, in an dawo ya nuna ya cika cikin minti goma, ya sauka cikin minti goma. Wannan ba ya gyaruwa, sai sabo. A cika shi ranar da za a rufe makaranta, a kuma sa wani ya riƙa yi masa caji ko sau ɗaya a wata.

Na biyu lambar da ke jikin kwali. Za ku ga an rubuta 3000W ko 5000W da manyan baƙaƙe, kusa da ita PMPO da ƙanana. Wannan lambar talla ce. Ku tambayi RMS, shi ne ainihin ƙarfin lasifikar. Wat 20 zuwa 30 na RMS ya ishi aji ɗaya, 40 zuwa 60 ya ishi filin asambuli. In mai shago bai san RMS ba, a kunna ta a ƙure, a sa waƙar da ke da muryar mutum ɗaya ba kiɗa, a ja baya taku 15. In kalmomin na fita tangaran, ta yi. In kuna jin dum-dum kawai, ta gidan biki ce.

Na uku ƙura da ramin caji. Da hunturu ƙura na shiga maɓallin ƙara, sai ya fara ƙarar-ƙarar in an murɗa. A ɗinka mata riga da yadi mai kauri. Cajarta kuma a ɗaure ta da ita, don da zarar ta ɓace wani zai soka mata cajar laftof mai 19V, allon ciki ya ƙone.

Makirfo kuma kada a tsaya da shi a gaban lasifika, shi ke kawo kukan nan mai huda kunne. Malami ya tsaya a bayanta ko a gefe.

Mai Sola, Kano: Ƙari a kan maganar Malam: faifan sola mai wat 20 zai mayar da abin da aka ci cikin kamar awa huɗu na rana mai kyau. Amma dole a sa kwanturola, wato na'urar daidaita caji, tsakanin faifan da batirin. Faifan da aka rubuta wa 12V yana fitar da wajen 18V da tsakar rana, in aka haɗa shi kai tsaye zai dafa batirin.

Malamar Aji 2, Azare: Ba sai a haɗa da Bluetooth ba kawai?

Malamin Kwaleji: Malama, don sauraren waƙar da aka riga aka naɗa, Bluetooth ba shi da matsala. Amma in za ki danna fiyanon waya ko gangar waya yara su bi ki, kada ki yi da shi. Sautin yana makara da kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. A waƙar da ke tafiya bugu 100 a minti, kowane bugu daƙiƙa 0.6 ne, kin ga makarar ta cinye sulusin bugu. Yara na ganin yatsanki ya sauka, kunnensu na jin abu daga baya, tafi ya rabu biyu. Ki nemi igiyar aux mai kai 3.5mm. In wayarki ba ta da ramin iyafis, akwai ɗan guntun da ke juya ramin caji na USB-C zuwa aux. A sayi igiya biyu, don daga wuya take karyewa.

Malamar Aji 4, Zariya: Memori ya fi duka. Ba kira, ba saƙo, ba talla a tsakiyar darasi.

Mai Gyaran Rediyo, Funtuwa: Gaskiya ne Hajiya. Sai dai memorin ya zama 8GB ko 16GB, a tsarin ajiyar fayil na FAT32. Masu 64GB sukan zo a exFAT, lasifiku da yawa ba sa karanta su. Sannan saƙon murya na WhatsApp fayil ɗin opus ne, ba MP3 ba, in an zuba shi a memori lasifikar za ta tsallake shi kamar babu. Sai an juya shi. MP3 mai 128kbps kusan 1MB ne a minti, kun ga waƙoƙin zango uku gaba ɗaya ba za su kai 1GB ba. A sa lamba a gaban sunan kowane fayil, 01, 02, 03, a kuma zuba su bi da bi, don wasu lasifikun da jerin da aka zuba suke bi, ba da suna ba. A rubuta jerin a takarda a manna a jikinta.

Ɗan TP (mai gwajin koyarwa): Malamai, wace manhajar waya ce ke rage saurin waƙa? Taken ƙasa nake so in koya wa 'yan aji 3. Tun da aka dawo da tsohon a watan Mayun 2024 yara ke cinye kalmomin baiti na biyu da na uku.

Malamin Kwaleji: A kwamfuta, Audacity. Kyauta ce, ba ta buƙatar intanet bayan an sauke. Buɗe fayil, zaɓe shi duka, ka shiga Effect ka nemi Change Tempo, ka sa -15. Kada ka taɓa Change Speed, shi yana rage sauri ya kuma ja muryar ƙasa, ta zama kamar kaset ɗin da batir ya yi wa sanyi. In ka wuce -25 sautin zai fara rawa. Sannan ka yanka taken layi-layi, bayan kowane layi ka sa shiru daidai tsawonsa da Generate Silence, don yara su maimaita a gurbin. Ka fitar da shi MP3. A waya kuma, VLC na rage sauri ba tare da ta sauya murya ba, sai dai ba ta yanka.

Wani abu da ba a lura da shi: muryar namiji baligi tana ƙasa da ta yaro da kusan hawa takwas, wato daga do zuwa do na gaba. In malami namiji ya naɗi muryarsa, yara sukan yi ta ƙoƙarin sauka inda yake, su koma gurnani. A nemi malama ko yarinya 'yar aji 6 mai riƙe rauji a naɗi tata. Ɗaga muryar namiji da Change Pitch ba ya magance wannan, da ka wuce hawa ɗaya ko ɗaya da rabi ta daina kama da ta mutum.

Mai Kalangu, Katsina: Allah ya gafarta Malam, duk na ji. Amma fiyanon waya me ya haɗa shi da yaron Gusau? Yaron da bai iya bambance kalangu da kotso ba, bai taɓa ganin gurmi ko kukuma ba, shi za a fara wa da do-re-mi?

Malamin Kwaleji: Manhajar karatu ta NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantu, ce ta kawo do-re-mi ɗin, kuma ana tambayarsa a jarrabawa. Ban ce a fara da shi ba.

Mai Kalangu, Katsina: To a fara da namu. Kalangu bin hawa da saukar maganar Hausa yake yi, matse tsarkiya murya ta hau, saki ta sauka. Yaron aji 2 in ka buga masa sunansa zai gane. Daga nan ya san sama da ƙasa kafin ya ji sunansu da wani yare. Kuma waƙoƙinmu da yawa a kan sauti biyar suke tafiya, sannan mawaƙi na jan murya tsakanin sauti da sauti, abin da fiyano ba ya iyawa. In aka tilasta waƙar gaɗa ta bi fiyano, raujin ya tafi. Wayar nan a je da ita wurin makaɗan gari a naɗo kowane abin kiɗa shi kaɗai, daƙiƙa 30: kalangu, ganga, kotso, garaya, goge, algaita, sarewa, shantu, ƙwarya. A ɗau hoton kowanne. A kunna, yara su faɗi suna. A kuma ba makaɗin ɗan hasafi, sana'arsa ce.

Malamar Aji 4, Zariya: Wannan shawarar ta yi. In za a naɗi ganga a ja wayar baya kamar mita ɗaya da rabi, in ta matso sautin fashewa yake. Muryar mutum ɗaya kuwa taƙi ɗaya daga baki. A sa wayar a yanayin jirgi, a kashe fanka, a guji ɗaki mai siminti tsirara don amsa-kuwwa. Ɗaki mai katifa da labule ya fi.

Mai Sola, Kano: Zagezagi an iya bayani. Saura ki ce a Zariya aka ƙera wayar.

Malamar Aji 4, Zariya: Ku dai Kanawa ku sayar mana da igiyar da za ta kai wata biyu, mun yafe sauran.

Malamin Islamiyya: Ranka ya daɗe Hedimasta, a tuna akwai iyayen da ba za su so a ce ana kiɗa a aji ba. A yi musu bayani tun kafin yaro ya kai labari gida.

Mai Kalangu, Katsina: Ai ba gidan rawa za a buɗe ba, Malam.

Malamin Islamiyya: Ban ce haka ba. Cewa na yi a sanar da su a taron iyaye, a kuma tace waƙoƙin. Kari da amshi duk ana iya koyar da su da murya da tafi.

Admin: A tsaya a kan kayan aiki don Allah. Wancan a ɗauke shi zuwa wani lokaci.

Jami'ar Horar da Malamai: Ni abin da ya fi damuna malaman nan biyu ne, ba a ce komai a kansu ba. Bitar kwana uku a babban zaure, mutum ɗaya na danna laftof sauran na kallo, ba ta barin komai a hannu, don malami zai koma inda babu laftof ɗin. A horar da su da wayar da ke aljihunsu. A haɗa makarantu huɗu ko biyar na kusa, Asabar huɗu, awa biyu-biyu. Ta farko: naɗa, sa wa fayil suna, turawa ta Xender, zubawa a memori, haɗa aux. Ba mai tashi sai waƙarsa ta fito daga lasifika. Ta biyu: riƙe bugu da manhajar metronom mai ƙirga bugu, a fara daga 80 a minti a hau 100, tafi da taku. Ta uku: kowa ya koyar da 'yan uwansa na minti 10, a ɗauke shi bidiyo, ya kalli kansa. Ta huɗu: a cire batir a ce ya koyar da darasin haka nan, don ranar za ta zo.

A bidiyon ku duba abu ɗaya da agogo: minti nawa lasifika ta yi tana waƙa, minti nawa yara suka yi. A darasin minti 35, na'ura kada ta wuce 8 zuwa 10. A kunna gindin waƙa sau biyu, a kashe, malami ya bayar yara su amsa, a shiga ɗiyan waƙar ɗaya-ɗaya, a ƙara tafi. Minti biyar na ƙarshe a naɗi ajin a kunna musu su ji kansu. A nan yaro ke gane ya riga 'yan uwansa shiga amshi, ba sai an tsawata masa ba.

Ɗan TP: Ranki ya daɗe, shafin koyon kiɗa na Chrome Music Lab fa? Ana ta yaba shi.

Jami'ar Horar da Malamai: Yana da kyau, musamman Song Maker, amma sai da intanet, kuma allon waya ɗaya ba ya isar aji. Ka yi shi da rukunin yara biyar-biyar in kana da data.

Malamar Aji 2, Azare: Bidiyon yaran za a iya sa shi a Facebook ɗin makaranta?

Jami'ar Horar da Malamai: Sai da izinin iyaye a rubuce, 'yar uwa. Dokar kare bayanai ta 2023 ta nemi amincewar iyaye ko mai riƙo a kan bayanan yaro. Don darasi, murya kaɗai ta wadatar, kuma kada a sa sunan yaro a jikin fayil.

Mai Gyaran Rediyo, Funtuwa: Na manta: kada a bar waya ko fawa bank a taga da zafin Afrilu. Batirin kumbura yake. Wanda ya kumbura a daina yi masa caji.

Hedimasta, Gusau: Na gode ƙwarai. To kibod ɗin a bar shi ke nan? Kuma sola da lasifika za su shiga cikin dubu 150 ɗin?

Mai Kalangu, Katsina: A rage na kalangu biyu da ƙwarya huɗu, ranka ya daɗe.

Malamin Kwaleji: Ɗan TP, in ka gama yanka taken ka turo shi a matsayin dokumen, kada ka turo shi a saƙon murya.

Ɗan TP: To Malam. Shirun da zan sa, har da bayan layin ƙarshe?