An ba ni 'yan aji biyu, yara 64: ta ina zan fara?

Sabuwar malama, Jos ta Arewa:
Salama alaikum iyayena da yayyena malamai. Na gama NCE, wato karatun shaidar malanta, an tura ni firamare, ranar Litinin zan karɓi 'yan aji biyu, yara 64. Don Allah waɗanda suka daɗe da alli a hannu, me ake fara yi, kuma a ina sababbi suka fi yin tuntuɓe?

Malamar aji ɗaya, Unguwar Rogo:
Ƙanwata, barka da shigowa. Makon farko kada ki bi manhaja da gudu, fara sanin me kowane yaro ya iya. Yanki kwali uku: na farko haruffa goma a hargitse, na biyu gaɓoɓi irin ba, ki, mu, so, na uku gajeriyar jimla. Ki ba sauran yaran aikin zane, ki riƙa kiransu ɗaya-ɗaya gaban teburinki, minti biyu kowane yaro. Goma sha uku a rana, zuwa ranar Juma'a kin gama. Ki rubuta inda kowa ya tsaya a littafinki.

Dalilin hargitsa haruffan: yaro zai rera miki A zuwa Z kamar waƙa, amma ki ɗora yatsa kan "m" ita kaɗai, sai ya yi zuru. Karatun amshi yana ɓoye wannan sosai. Yara biyar na gaba suna karantawa, sauran suna bin bakinsu, ke kuma ki ɗauka aji ya gane. Za ki ga masu rikita b da d. Kada ki koyar da su rana ɗaya, a raba su da mako guda, haka ma ɓ da ɗ a darasin Hausa.

Hedimasta mai ritaya, Bukuru:
'Yata, takardu ne ke fara kunyata sabon malami. Rajista ana kiranta sau biyu, da safe da bayan tara. Wanda ya zo da safe a ja masa layi a karkace, bayan tara a ja ɗaya gefen, wanda bai zo ba a sa masa sifili. Kada ki cike ta da ka bayan an tashi, kuma ki haɗa jimillar mako ranar Juma'a kafin ki bar makaranta. Idan kika tara makonni uku, lissafin ba zai daidaita ba, kankare kuma ba a son shi a rajista.

Lesin not, wato rubutaccen shirin darasi, na mako mai zuwa ki rubuta shi a ƙarshen mako, ki kai wa hedimasta ya sa hannu kafin ki shiga aji da shi. Littafin da ake rubuta abin da aka koyar a mako, abin da kika koyar da gaske za ki sa, ba abin da tsarin zango ya ce ba. Masu duba makarantu daga SUBEB, hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, ko ofishin ilimi na ƙaramar hukuma sukan ɗauki littafin yaro su gwada da naki. Makin gwaji kuma a shigar da shi ranar da aka duba. Idan ba ki yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, ba, ki nemi yi da wuri.

Malamin aji uku, Nasarawa Gwong:
Malama, sa kowane yaro ya kawo murfin kwalba 20 a leda. Ke kuma ki sami tsinken tsintsiya, ki ɗaure goma-goma da roba, wasu ki bar su a warwatse. Inda yara ke faɗuwa shi ne ɗebewa mai aro. Ki ba su 32 a cire 7, da yawa za su rubuta 35, saboda sun cire 2 daga 7. Ɗauki dami uku da tsinke biyu, yaro da kansa ya kwance dami ɗaya, ya ga tsinke sun zama 12, sannan ya cire. Sai hannu ya yi sau da yawa kafin a koma allo.

Malama, Tudun Wada:
Manufar ilimi ta ƙasa ta ce yara 35 ga malami ɗaya, ke kina da kusan ninki biyu, saboda haka ki tattala muryarki. Mai ihu daga Litinin, ranar Laraba murya ta dishe, yara kuma sun saba da ihun. Koya musu alama ɗaya: ki tafa sau uku, su amsa da biyu, su naɗe hannu. Kada ki fara magana sai an yi tsit, ko da za ki jira minti guda. Bulala tana kawo shiru ne kawai, yaron da ya tsorata ba ya tambaya.

Nan Jos ajinki zai haɗa Berom, Afizere, Anaguta, Hausawa, Fulani, Ibo da Yarabawa. Koyi kiran sunan kowa daidai, kada ki bari a mai da sunan wani ko addininsa abin tsokana. Umarni gajere, da Turanci, ki maimaita da Hausa, ki nuna da hannu.

Malamar aji ɗaya, Unguwar Rogo:
Na manta zancen zama. Bayan gwajin, waɗanda ba su san haruffa ba ki tara su layin gaba, ki ba su minti goma sha biyar kullum.

Malamin aji uku, Nasarawa Gwong:
Anti, a nan ina da ja. Idan suka zauna wuri ɗaya dindindin, cikin kwana uku yara sun raɗa wa layin suna. Gara a tara su na minti goma sha biyar ɗin kawai, sauran lokaci kowane benci a sa mai iyawa ɗaya. Gaba kuma a bar wa gajeru da mai ƙanƙance ido in yana kallon allo.

Hedimasta mai ritaya, Bukuru:
Malam ya yi gaskiya. Ƙari biyu, 'yata. Sanyin Disamba da Janairu kan sa yatsun yara su ƙage, kada ki sa rubutu a darasin farko, fara da na baki, su murza tafin hannu, rubutu sai rana ta fito. Sannan in wani ya zo ɗaukar yaro kafin a tashi, ko ya ce kawunsa ne, ki tura shi ofishin hedimasta tukuna.