Cin zali ne ko tsangwama? Mu tsayar da magana ɗaya

Jama'a ku taimaka min, tun jiya nake kokawa da kalma ɗaya. Ana shirya takardar wayar da kai ga ɗalibai kan abin da Turawa ke kira bullying, aka ce in sa ta da Hausa, na zauna na rubuta "cin zali" na ci gaba abina, sai da na kai tsakiya na ga kalmar ta fara yi min kaɗan.

Dalili kuwa, masu bincike kan abin ba kowane duka suke kira da sunan ba. Dan Olweus, ɗan Suwidin da ya yi aikinsa a jami'ar Bergen ta Norway, wanda tun shekarun 1970 ya fara bincike kan maganar, sharuɗɗa uku ya kafa: da gangan ake yi, ana maimaitawa, kuma akwai fin ƙarfi ta yadda wanda ake yi wa ba ya iya kare kansa. In yara biyu masu ƙarfi ɗaya suka dambace a filin wasa wannan faɗa ne kawai, gobe ma ka gansu tare. Toh cin zali ya ɗauko fin ƙarfin tsaf, kowa ya san babba ke cin zalin ƙarami, amma bai ɗauko maimaicin ba, sau ɗaya ma aka kwashe ka da mari an ci zalinka.

Kuma ga wanda ya fi damuna. Ku ɗauki yarinyar da in ta shigo aji sai hira ta mutu ɗif, ta ja kujera ta zauna sai na kusa da ita su matsa, a raba rukuni na aikin aji kowa ya samu abokai ita tana tsaye riƙe da littafi har sai malama ta cusa ta wani wuri, da daddare ta duba waya ta ga an cire ta daga guruf ɗin ajin. Ba wanda ya taɓa ta ko da ɗan yatsa. In ka tambaye ta "ana cin zalinki?" wallahi cewa za ta yi a'a, don a kanta cin zali duka ne ko ƙwace. In ka ce "sun tsangwame ki?" nan za ka ga idonta ya kawo ruwa.

Na ga amsoshin da kuka aiko min kan kalmar da ta dace, na gode. Wanda ya ce zalunci, malam ya yi girma da yawa, da shi muke kiran abin da azzalumin shugaba ke yi, yaro ɗan shekara 9 ba zai ga kansa a ciki ba. Tsokana da zolaya kuwa sun yi sauƙi, kuma su ne ma mafakar mai yin abin, "ai wasa nake masa". Muzgunawa ta yi kusa sosai, ban ƙi ta ba, sai dai ta fi zama a bakin manya da labaran rediyo. Hantara da kyara daga sama suke saukowa. Wata baiwar Allah ta kawo "sun sa shi a gaba", kai wannan ta burge ni, don akwai taron dangi a ciki akwai naci, matsalarta ɗaya ba ta zama suna, ba ka rubuta "ranar yaƙi da sa-a-gaba" a allo. Amma cikin bayani da ita zan yi aiki.

Ba mu kaɗai muka sha wannan wahalar ba fa. A Suwidin da Norway da farko aro suka yi daga masu nazarin dabbobi, kalmar da ake faɗa in ƙananan tsuntsaye suka yi wa mujiya taron dangi. Japan kuma suna da tasu ta gida, ijime, har doka suka yi a kanta a 2013.

Ni dai na karkata ga tsangwama a matsayin babban suna, cin zali ya zama reshe ɗaya a ƙarƙashinta, na duka da ƙwace. Mai cewa cin zali ya riga ya bi bakin mutane yana da gaskiya, shi ya sa a kanun takardar zan haɗa su biyu, a ciki kuma in tafi da tsangwama.

Sai rabi na biyu, wanda ya fi wuya ma: shirin da ake horar da ɗalibai su taimaki 'yan uwansu ɗalibai. An ba ni "tallafin tsara". Tsara ta yi daidai, amma da ka ce tallafi kowa kuɗi zai sa rai. "Goyon baya" kuma sai ka ce zaɓe za a yi.

Sai da na koma kan abin da shirin yake yi na samu bakin zaren. Christina Salmivalli ta jami'ar Turku a Finland ta nuna tun 1996 cewa abin ba na mutum biyu ba ne, na aji ne gaba ɗaya: ga mai yi, ga masu taya shi, ga masu dariya suna ƙara masa ƙarfi, ga masu kau da kai, ga 'yan kaɗan masu karewa. Kan wannan aka gina shirin yaƙi da tsangwama mai suna KiVa da ya bazu a makarantun ƙasar daga 2009. Duk waɗannan muna da sunansu a shirye, 'yan taya, 'yan zuga, 'yan kallo, 'yan ba ruwanmu. Aikin shirin shi ne a janye 'yan zuga a mayar da ɗan kallo mai tsaya wa wani. Wani bincike a Kanada da aka ɗauki yara a bidiyo a filin wasa ya gano in wani yaro ya sa baki, fiye da rabin lokuta abin na tsayawa cikin daƙiƙa 10. A Kanadan ne ma a 2007 wasu ɗalibai biyu a Nova Scotia suka sayo riguna ruwan hoda suka raba wa 'yan makaranta don an tsangwami wani sabon yaro da ya sa irinta, washegari makaranta ta cika da ruwan hoda.

Kun ga kalmar ta fito da kanta, tsaya wa. "Ya tsaya min." Don haka na ce shirin tsaya wa juna.

Mai ba da shawarar "sasanci" ko "shiga tsakani", a nan kam ban bi ka ba. Sasanci na waɗanda suka yi faɗa ne, kowa da laifinsa. Ka zaunar da yaron da aka sa a gaba wata uku da wanda ya sa shi a gaban, ka ce ku yafi juna ku gaisa, kuma alƙalin yaro ne sa'ansu, ai ka ƙara masa wani nauyin ne. Ɗalibin da aka horar aikinsa ya saurara, ya zauna kusa da wanda aka ware, ya raka shi wurin malami in abin ya fi ƙarfinsa, hukunci na manya ne.

Shi wannan ɗalibin fa, me za mu kira shi? Zuciyata na son "abokin kuka", amma na tuna yara ne, ranar farko za su mayar da shi abin tsokana, a ce ga mai zuwa wurin kuka can. Na bar shi a "abokin shawara".

Abin da zan miƙa kenan: tsangwama da cin zali a kanu, shirin tsaya wa juna, abokin shawara. UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ware Alhamis ta farko a watan Nuwamba don wannan maganar, ita ce kuma ta ce kusan ɗalibi 1 cikin 3 a duniya na fuskantar abin, so ake takardar ta fita kafin ranar. Wadda ake yi ta waya na sa "tsangwamar intanet" na wucin gadi, ba ta zauna min a baki ba sam, mai wadda ta fi ya ajiye min kafin dare.