Horar da matasa ne ke jawo kamfanoni, ko sai kamfani ya zo ake horon?

Abu_Sadiq:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana na cikin nan ku warware min wani abu da ya daɗe yana damuna. Kusan duk gwamnatin da ta hau sai ta ce za ta koya wa matasa sana'a don yankinta ya iya gogayya da sauran yankuna wajen jawo masu zuba jari, a ware kuɗi, a yi kwas na wata uku ko shida, a raba satifiket a ɗau hotuna, amma in ka waiwaya bayan shekara biyu ba masana'antar da ta zo, yaran da suka fi ƙwazo kuma sun tattara sun tafi inda ake biya. Horon ne ba shi da amfani ko yadda ake yinsa ne? Kuma wanne ya kamata ya riga wani, horo ko kamfani?

Injiniya_Bala:
Wa alaikumus salam Malam Abu. Ni aikina kenan ɗaukar masu gyaran injuna, gaskiya satifiket ba ya gaya min komai. Zane nake miƙa wa yaro in ce karanta min awon nan, in ba shi ƙarfe in ce yanka daidai, sai ka ga mai takarda uku yana jujjuya zanen bai san sama da ƙasa ba. Kuma ba laifinsa ba ne wallahi, injin da aka koya masa a kai ya girmi malamin nasa, mu kuma namu da kwamfuta ake ba shi umarni. Wanda ya rubuta manhajar bai taɓa tambayar mai ɗaukar aiki me yake so ba, matsalar kenan.

Dubi Jamus, yaro da kamfani yake ƙulla yarjejeniya tun farko, kwana uku ko huɗu a wurin aiki sauran a makaranta, shekara 2 zuwa 3 da rabi, ana biyansa alawus duk wata, sana'o'in da doka ta san da su sun haura 300, jarrabawar ƙarshe kuma ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu sana'a ne ke yi masa. Dokar tasu tun 1969 take. A Suwizalan kusan kashi biyu cikin uku na matasa hanyar koyon sana'a suke bi bayan karatun dole.

Maman_Ilham:
Injiniya ka faɗi gaskiya amma ka tsallake wurin da gizo ke saƙar, wa zai biya? In na kashe kuɗina na horar da yaro shekara uku, ranar da ya ƙware kamfanin da ke kusa da ni wanda bai kashe ko sisi ba zai ɗan ƙara masa albashi ya ɗauke shi, to ni na zama me? Shi ya sa kowa ke jiran wani ya horar shi ya kwasa, ƙarshe a rasa mai yi. A Jamus abin na tafiya ne don manya da ƙanana da yawa suna yi tare, ba abu ne da za ka kwafo da takardar doka ɗaya ba.

Wasu ƙasashen haraji suka sa. Burazil tun 1942 take da SENAI, hukumar horar da ma'aikatan masana'antu, masana'antu na biyan wani kaso na albashin ma'aikatansu kuma su ne ke juya hukumar. Birtaniya ta kawo nata a 2017, kashi 0.5 cikin ɗari a kan duk kamfanin da albashin da yake biya ya wuce fam miliyan 3 a shekara, amma sai adadin masu fara koyon aiki ya ragu, kamfanoni da dama suka riƙa kashe kuɗin a kan kwasakwasan manyan ma'aikatan da dama suna ciki. Wato tara kuɗin daban, kai shi ga yaron da ke buƙata daban.

Dan_Adawa:
Ku yi haƙuri ni ban yarda horo na jawo kowa ba. Mai kuɗi wuta yake dubawa, da hanya, da tashar jiragen ruwa, da ko kotu za ta ƙwato masa haƙƙinsa. In babu waɗannan ko rabin garin injiniyoyi ne ba zai zo ba, ka horar wa wasu ne kawai, kamar yadda Filifin ke yaye nas-nas asibitocin Amurka da ƙasashen Larabawa na kwashewa.

Injiniya_Bala:
Ɗan'uwa ba mu saɓa ba sosai, horo shi kaɗai ba ya yi, amma in wurare biyu duk suna da wuta da hanya to a kan ma'aikata ake rabuwa. Singafo a shekarun 1970 cibiyoyin horo ta buɗe tare da kamfanonin waje Tata da Rollei da Philips, su ke kawo malamai da tsarin koyarwa, ana horar da fiye da waɗanda suke buƙata don rarar ta jawo wasu kamfanonin. Jihar Penang ta Malesiya ta yi irin haka a 1989 da kamfanoni irin su Intel da Motorola. Jihar South Carolina ta Amurka ma da kamfanin motoci na BMW ya zaɓe ta a 1992, cikin abin da aka yi masa har da horar masa da ma'aikata a kwalejojin fasaha na jihar. Tare ake tafiyar da su biyun Malam Abu, ana ciniki da kamfanin ana tsara kwas ɗin.

Abu_Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. To yankin da ba shi da ko babban kamfani ɗaya fa, da wa zai zauna?

Maman_Ilham:
Da ƙananan da yake da su mana. A tara masu sana'a iri ɗaya goma ko ashirin su faɗi hannun da suka rasa, a haɗa musu cibiya guda da injin da ɗayansu ba zai iya saya shi kaɗai ba. Sannan a daina biyan mai horarwa a kan yawan waɗanda suka zauna a aji, a riƙe masa wani kaso sai an ga yaran na bakin aiki bayan wata shida, amma a sa ido don in ba haka ba zai riƙa zaɓen waɗanda dama za su samu aiki ko ba shi. Injiniya, ku in an kira ku irin wannan zaman za ku yarda ku ba da injinku a koya wa yaran wasu?