Neman shawara: akwatin hotunan 'yan fim da Baba ya bari

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, maganar nan ta hana ni barci. Mahaifinmu ya rasu bayan babbar sallah. Tun yana saurayi ya yi aiki a wata sinima a Kano, da farko shi ke kafa hotunan fim a allon ƙofa, daga baya aka mai da shi ɗakin inji, shi ke ɗora fim yana haskawa. Ya bar aikin kafin a haife ni, ya koma sayar da yadi a Kantin Kwari, amma har ya tsufa in ya ji ana gardamar fim ɗin Indiya sai ya gyara zama. Ni ce autarsa, ni kaɗai nake zama in saurare shi.

Da ake kwashe kayan ɗakinsa muka tarar da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, cike da hotuna. Wasu masu kauri ne irin na ƙofar sinima, har da hujin ƙusa a kusurwa. Wasu ya yanko su daga mujallun Filmfare da Stardust, irin na bayan fage: jarumi zaune ana masa kwalliya, wani yana cin abinci a ƙasa tare da ma'aikata. Akwai na Sunil Dutt yana kwance Nargis na zaune gefensa. Sai wata ambulan daban mai hotunan 'yan wasan kwaikwayo na nan gida da ya ɗauka da kansa wajen gwaji, maza da mata.

Yayanmu ya ce a ƙona su duka. Wani mutum ya ce zai saya. Ni kuwa so nake in buɗe shafi a Facebook in riƙa saka su da labarin kowa. Akwatin yanzu yana gidana. Wasu hotunan sun manne da juna saboda danshi. Ya zan yi?

Tsohon ɗan kallo:
Allah Ya jiƙan Baba. 'Yata, kada ki bari ko ashana ta kusanci akwatin nan. Wannan hoton da kika ambata kaɗai tarihi ne. A wajen ɗaukar Mother India, wanda ya fito a 1957, an cinna wuta don fim, wutar ta fi ƙarfinsu ta rutsa da Nargis. Sunil Dutt ne ya kutsa ya fito da ita, shi ya ƙone. Ta yi jinyarsa, a 1958 suka yi aure. Kuma a fim ɗin ita ce uwarsa, alhali dukansu haifaffun 1929 ne. Ɗansu ne Sanjay Dutt. Yaran yanzu sun san ɗan, ba su san yadda iyayen suka haɗu ba. Ki buɗe shafin yau ɗin nan, ni zan riƙa rubuta miki bayanin kowane hoto.

Maman 'yan biyu:
Ni dai kada ki ba kowa aro. Hotunan bikin mahaifiyata wani ya karɓa wai zai sa a littafi, shekara nawa ke nan, ba littafi ba hotuna. In na kira sai ya ce yana hanya. Har gidansa na aika ƙanena, matarsa ta ce ya yi tafiya. Uwata ta rasu ba ni da hotonta ko ɗaya tana budurwa. Har yau in na tuna zuciyata tafasa take.

Abu Sumayya:
Baiwar Allah, ba ki faɗa mana ko an raba gado ba. Duk abin da mamaci ya bari na magada ne, ko allura ce. Da izinin wa kika kai akwatin gidanki? Mahaifiyarku tana raye? Me ta ce?

Mai tambaya:
Malam, ba sata na yi ba. Da na bar shi a can da tuni ya zama toka. Kuma duk gidan ba wanda ya san darajarsa sai ni.

Abu Sumayya:
Ban ce kin yi sata ba. Tambaya na yi, ba ki amsa ba.

Ɗan Fagge:
Waɗanda suka manne ki sa su a rana su bushe ki ɓamɓare a hankali, sannan ki kai shago a yi musu leda mai zafi. Haka na yi wa takarduna.

Mai hoto a Zariya:
Kada ki yi haka. Sana'ata ce. Ledar nan zafi da gam ne, in ta kama tsohon hoto ba ta fita sai da fuskarsa. Rana kuma kashe launi take. Waɗanda suka manne ki bar su yadda suke, in kika ja fatar hoton ce za ta bi. Sauran a saka su a na'urar sikana a ɗauki kwafi mai kyau, a jera su da farar takarda tsakani, a ɗaga akwatin daga ƙasa saboda danshi da gara. In za ki rubuta suna a baya, da fensir, ban da biro.

Tsohon ɗan kallo:
Ku bar maganar leda. 'Yata, duba min ko akwai na Amitabh a fim ɗin Coolie. A 1982 a Bangalore ana ɗaukar faɗa da Puneet Issar ya bugu da gefen tebur, ya ji ciwo a ciki, saura ƙiris ya tafi. Da fim ɗin ya fito a 1983 an tsayar da hoton daidai wurin da ya bugu aka rubuta a allo. Darakta Manmohan Desai ma canza ƙarshen labarin ya yi, ya bar jarumin da rai. Mu da muka kalla a sinima mun san abin da nake faɗa. Wanda bai taɓa bin layin tikiti ba ba zai gane ba.

Hajiya daga Maraɗi:
Na Indiya ba su dame ni ba, duniya ta riga ta gan su. Ambulan ɗin nan nake ji. Matan da ke ciki yanzu kakanni ne a gidajen mazansu, wata ƙila 'ya'yanta ba su ma san ta taɓa wasa ba. Ki saka hotonta ba mayafi, gobe jikanta ya gani a waya ana sharhi a ƙasa? Ki nemi izininsu tukuna, 'yar nan.

Mai tambaya:
Hajiya, ai ba hotunan banza ba ne, duk da suturarsu. Kuma ban san sunayen yawancinsu ba, ta ina zan nemo su? Shi ya sa ma nake so in saka, wanda ya gane su ya faɗa.

Ɗan Fagge:
Shi mai sayen nawa ya taya? In kuɗin da kauri ku sayar ku yi wa Baba sadaka, kowa ya huta.

Mai hoto a Zariya:
Ko ki tuntuɓi wuraren adana tarihi, Gidan Makama a Kano, ko Arewa House a Kaduna, ki ji ko suna karɓar irin na 'yan wasan nan gida.

Tsohon ɗan kallo:
A kai su can a kulle a ɗaki wa zai gani? Shafi za a buɗe. Na ma fara rubuta na Madhubala, wadda ciwon zuciya ya ɗauke a 1969 tana da shekara 36.

Mai tambaya:
Na gode muku duka. Sayarwa dai ba zan yi ba, kuma ba zan mayar da akwatin ba. Yaya ya kira ɗazu ban ɗauka ba, ya turo saƙo wai Kawu na nemana ranar Juma'a bayan masallaci, in taho da akwatin. Mai hoto, sikanar nan nawa ake yi duk hoto ɗaya, kuma za a iya gamawa kafin Juma'a?