Shirun da ake ji kafin a ce ba a samun layi, mai wayar ne ke ɓuya?

Alhaji Tanko: Salamu alaikum mutanen Aboabo ta Kumasi. Ni abin da na tsaya a kai ke nan, in ka kira mutum nan take aka ce wayarsa a kashe take to da gaske a kashe take. Amma in layi ya yi tsit ya yi tsit, can sai matar nan ta ce ba a samun lambar, wallahi yana kallon kiranka, wani abu ya danna don kar ya ɗauka. Masu cin bashi duk haka suke yi yanzu.

Hajiya Ladi: Gaskiyarka Alhaji. Akwai wadda ta ɗauki atamfa a wurina a kasuwar Kejetia, tun da lokacin biya ya yi shirun nan nake ta ji

Sani mai gyaran waya: Baba Alhaji ku yi haƙuri, abin a juye yake. Wannan aikina ne kullum a Adum. In mutum ya danna ya kashe wayarsa da hannunsa, kafin ta mutu sai ta aika wa netwok saƙo cewa ta fita, su rubuta, shi ya sa da ka kira ba sa ma nemanta nan take za a ba ka amsa. Amma a ce irin ƙaramar wayar nan ce da muke cewa yam, ta faɗi a trotro, motar haya, murfi ya yi nan batir ya yi can, ko mutum yana hanyar Tamale ya shiga inda babu sabis, to wayar ba ta samu ta yi sallama ba, netwok yana ganin tana nan inda ya san ta a ƙarshe, sai ya sa duk ƙarafunan sabis na yankin su yi ta cigiyarta, ya jira, ya sake, in ba amsa ya haƙura. Shirun da kuke ji ke nan, cigiya ake yi.

Alhaji Tanko: To ɗana me ya sa lamba ɗaya da safe ta yi min shiru, da yamma kuma nan take a ce a kashe? Ba shi ke wasa da ita ba?

Sani mai gyaran waya: Ko bai taɓa ta ba haka za ta yi Baba. Kowace waya lokaci lokaci tana sanar da netwok cewa tana nan, in aka daɗe ba a ji ta ba sai netwok da kansa ya sa ta cikin waɗanda suka fita, daga nan ya daina cigiya. Kuma mai son ɓuya alamar jirgi yake dannawa, ita ma galibi tana sallama kamar kashewa, kenan wanda kuka ce ya fi gaskiya shi ne ma zai iya zama mai ɓuyan

Usman Asawase: Sani na yarda da rabi. Amma kar ka wanke su tas. Akwai daibat, mutum ya sa **21* ya tura duk kiransa zuwa wani tsohon sim da ke cikin durowa, kai kana jin ba a samunsa shi kuma yana WhatsApp hankali kwance

Alhaji Tanko: Yauwa Usman, Allah ya yi maka albarka

Sani mai gyaran waya: Ana iya yi, ban musa ba. Abin da nake cewa daga kunne kawai ba za ka iya bambance mai daibat da wanda dumso, wato ɗauke wuta, ya daɗe a unguwarsu har batirin ƙarfen sabis ya ƙare ba. Bulok kuma daban ne, kiran yana isa wayar ita ce ke yanke shi, yawanci bizi za ka ji ko ta ɗan yi ƙara ta katse.

Hajiya Ladi: Ni fa har ringin ta taɓa yi min sosai, daga baya ta rantse wayarta ba ta yi ƙara ba

Malama Rabi: Hajiya wannan kam yana faruwa, kar ki ɗauki alhakinta a kan haka. Ƙarar da ke shiga kunnenki ba ta wayarta ba ce, netwok ne ke kunna miki. Ba ki ga masu sa wa'azi ko waƙa a layinsu ba, ai ba daga aljihunsu yake fitowa ba. Yawanci sai waya ta amsa cigiyar netwok ake kunna ta amma kiran waje kamar Saudiyya da ke bi ta hannun kamfanoni da yawa wani lokaci sai ki ji ƙara alhali can shiru. Zumunci da yawa ya lalace a zangon nan a kan na kira ka ka ƙi ɗauka, abin yana damuna wlh

Usman Asawase: Ni wani ya ce min in ka danna *#62# ka ga lamba to ana sauraron wayarka ne

Sani mai gyaran waya: Ba haka ba ne yaya Usman. Yana nuna maka inda kiranka ke tafiya ne in ba a same ka ba, sau da yawa lambar ajiye saƙon murya ce ta kamfanin. In ba ka so ka danna ##002# ya goge duk daibat. Kuma MTN da Telecel da AT kowa da irin kalmomin da yake faɗa, tun 2011 kuma a Ghana ana ƙaura da lamba daga wannan kamfani zuwa wancan, ganin 024 a farkon lamba ba ya tabbatar maka wane netwok ne ke ba ka amsa

Alhaji Tanko: Ni ban gamsu ba tukuna. Sani bayan isha'i ka same ni a ƙofar masallaci, zan zo da yam ɗina mu cire batir ka kira, mu kashe da hannu ka sake kira, kowa ya ji da kunnensa

Sani mai gyaran waya: Insha Allahu Baba, ku zo da ita da caji

Hajiya Ladi: Ku ɗauki muryar ku turo mana nan dan Allah. Ni gobe gidanta zan je da ƙafata