Ranar da ka kunna tsohon kaset ka tarar ajiyarka ta tafi: kowa ya faɗi yadda ta kaya da shi

Aminu

Assalamu alaikum. Jiya da daddare na ciro akwatin kaset-kaset ɗina na wasannin bidiyo don in kaɗe musu ƙura, sai hannuna ya faɗa kan Pokémon Gold. Wannan ba ya cikin waɗanda na saya daga baya don tarawa. Nawa ne tun ina yaro, har yanzu akwai tabon biro a bayansa inda na rubuta harafin farko na sunana. Na zura shi a Game Boy Color na kunna, kiɗa ya tashi lafiya lau. Da na danna sai na ga zaɓi biyu kacal, sabon wasa da saiti. Layin ci gaba babu shi, wato ajiyata, inda wasan ke adana duk ci gaban da na yi, ta tafi. Na kashe, na zare, na mayar, na sake kunnawa, har sau huɗu, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ya san an tashi.

Typhlosion, dabbar wasan da na kai mataki na 100, bajo 16, akwatunan cikin wasan da na cika da dabbobi ɗaya bayan ɗaya, duk sun tafi. Na san batir ne, na kuma san ba laifin kowa ba ne, amma wallahi sai da na yi shiru na ɗan lokaci da abin a hannuna. Wanda irin wannan ta taɓa faɗa masa ya ba mu labari. Wane kaset ne, kuma me ka yi bayan nan?

Malam Sabo

Wa alaikumus salam. Sannu Aminu, Allah ya mayar da alheri. Na buɗe irin wannan kaset ba adadi, bari in faɗa maka abin da ke ciki. Ƙwaƙwalwar da ke riƙe ajiya a waɗannan tsofaffin kaset ana ce mata SRAM, ita kuwa ba ta riƙe komai sai da wuta. Idan kaset yana cikin na'ura a kunne, na'urar ke ciyar da ita. Da ka zare shi, ɗan batirin nan mai kamar kwabo ya karɓi aiki, dare da rana, ko kaset yana ƙasan akwati. Ranar da ya gaza, ajiya ta bi iska, kuma babu gyaran da ke dawo da ita.

Gold da Silver sun fi saurin mutuwa saboda akwai agogo a cikinsu, batiri guda ke ɗauke da agogon da ajiyar. Shi ya sa za ka ga Pokémon Red ko Blue, da suka girme su, wani yana nan da ransa, Gold kuwa da ya fito a Japan a 1999 ya riga su kwanciya. Nawa na farko da ya tafi Silver ne. Na yi wata guda ina cewa gobe zan duba shi, goben da ba ta zo ba ke nan.

Hadiza

Ni tawa ta zo da sauƙi. The Legend of Zelda na na'urar wasa ta NES, mai ruwan zinaren nan na 1987, na yayana ne, Allah ya jiƙansa. Gurbin ajiya uku ne a ciki. Na farko sunansa, na biyu nawa da ya rubuta min da kansa ya ɓata harafi ɗaya, na uku kuma ZELDA, domin ya gano cewa sa wannan suna yana buɗe zagaye na biyu na wasan kai tsaye. Bara na kunna shi gabana na faɗuwa, sai ga sunayen uku reras. Ban ko shiga wasan ba. Na ɗauki hoton allon, na danne Reset kafin in kashe kamar yadda yake yi mana faɗa kullum, na zare na ajiye. Tun ranar ban sake taɓa shi ba, kuma ban yarda kowa ya buɗe shi ba. Malam Sabo, ya zan yi?

Malam Sabo

Allah ya jiƙansa da rahama. 'Yar'uwa, kin yi daidai da ba ki bari an cire batirin ba, don da an ɗaga shi sunayen sun tafi a take. Amma ajiye shi a akwati ba zai hana batirin ƙarewa ba. Akwai ƙananan na'urori da ake zura kaset a ciki a haɗa da kwamfuta, su kwafe ajiyar ta zama fayil. Ki nemi wadda ke karɓar kaset ɗin NES, a kwafe tukuna, a adana a wuri biyu, sannan a canza batir a mayar da fayil ɗin. Wasu na canza batir alhali kaset yana samun wuta daga na'ura, ana yi kuma ana dacewa, amma hannu ya ɗan goce an yi asara. A kan kaset irin naki ba zan ba ki wannan shawara ba.

Bashir

Ku dai naku batir ne ya mutu da kansa, ni da hannuna na kashe nawa. Super Mario World, na buɗe ƙofofi 96 cif, tauraron nan yana gefen lambar. Na ji ana ta maganar batir, sai na ce bari in riga shi. Na sayi sukudireban gamebit mai milimita 3.8, na kwance, na ɓamɓare tsohon batirin da wuƙa, na ɗora sabon CR2032 na naɗe da salatif, ina ta jin kaina injiniya. Na kunna, gurbi uku duk fanko. Sai a lokacin na tambayi kaina, to dama me ke riƙe da ajiyar a daƙiƙun da babu batir? Garin neman gira na rasa ido. Abin haushin ma, da na auna tsohon da mita, yana nan da sauran ƙarfinsa.

Bayan sati biyu salatif ɗin ya saki, ɗan abin da na sake tarawa shi ma ya tafi.

Malam Sabo

Bashir, kai ma dai! Salatif ba ya riƙe batir. Ana sayar da mai kunnuwa biyu na ƙarfe, kunnuwan ake liƙawa a fanel da dalma. Kada wanda ya ɗora ƙarfen dalma mai zafi a jikin batirin kansa, yana iya fashewa. Ko kuma a liƙa masa ɗan gida na roba, gaba sai dai a zare a zura. Lambar ma tana faɗin girmansa: CR2032 faɗinsa milimita 20, kaurinsa 3.2. Na Gold da Silver CR2025 ne, ya fi siranta. A kula da fuskar da ke da alamar tarawa kafin a liƙa.

Zainab

Ina karanta ku ina dariya, ku yafe ni. Ni kayana na zamanin da babu batir ne, kuma ajiyata tana nan garau a littafin rubutu mai bangon shuɗi. Metroid yana ba ka kalmar sirri mai harafi 24, Mega Man 2 kuma ɗigo-ɗigo ne a cikin gidaje biyar-biyar, sai ka zana ka cike. A lokacin mun tsani abin nan. Ka kwafi harafi 24 ido na lumshewa, washegari ka shigar a ce ba daidai ba, ka rasa sifili ka rubuta ko harafin O, ɗaya ne ko ƙaramin L. Akwai shafin da na rubuta kalma guda sau uku da ƙananan bambanci, a gefe na sa "ɗaya daga ciki". Watan jiya na gwada, ta biyun ce. Na tsinci kaina daidai inda yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ta tsaya, da makamai masu linzami da komai.

Da nake rubuta sharhin wasan na sa wannan a ciki. Da can ina rage wa wasannin kalmar sirri maki saboda wahalarsu. Yanzu na daina, sai dai in gargaɗi mai karatu ya tanadi biro mai kyau.

Nura

Nawa ya bambanta kaɗan. Pokémon Sapphire na kunna, sai ga saƙo cewa batirin ciki ya ƙare. Zuciyata ta tsinke, na ɗauka shi ke nan. Ashe a Ruby da Sapphire da Emerald ajiyar tana kan ƙwaƙwalwar filash wadda ba ta bukatar wuta, batirin na agogo ne kawai. Komai na nan. Abin da ya tsaya shi ne abubuwan da ke bin lokaci: 'ya'yan itacen da na shuka sun ƙi girma, ruwan kogon Shoal ya daina cika da janyewa.

Inda na sha kashi a Emerald ne da na saya a hannun wani. Hoton da ya turo min tsaf, kaset ya iso, na yi kusan sa'a arba'in a kai, na cinye manyan huɗun ƙarshe, sunayen waɗanda suka ƙirƙiri wasan suka gama wucewa, na dawo na tarar babu ajiya. Da na kwance shi, maimakon ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu ƙafafu sai na ga wani baƙin ɗigo kamar an ɗiga kwalta a fanel. Jabu ne. Na sake duba takardar gaban, babu lambar nan da ake dannawa a jiki wadda sai ka karkata shi a haske kake gani. Na asali suna da ita. Tun daga nan ba na sayen kaset sai an turo min hoton cikinsa, wanda ya ƙi buɗewa kuwa na bar masa kayansa.

Kawu Ɗanladi

To ni a nan muka rabu da ku. Mai tara kaya ne ni, ba mai gyara ba. Kaset ɗin da ba a taɓa kwance notinsa ba, da batirinsa na masana'anta, ko ya mutu, shi nake so a kan kantata. Da ka sa masa dalma ya zama wani abu dabam. Ajiya ta tafi? To ta tafi, wasan yana nan. Ina da Ocarina of Time na 1998, shi ma batir ke riƙe ajiyarsa, ban san ko yana da rai ba, kuma ba zan duba ba.

Hadiza

Kawu, da girmanka, amma irin kaset ɗina akwai dubbai a duniya, in ya ɓata gobe zan iya samun wani. Sunan da yayana ya rubuta min da kuskuren harafi guda ɗaya ne tak. Idan sai an kwance noti kafin ya tsira, a kwance.

Kawu Ɗanladi

Naki dabam ne, 'yata, ban ce komai a kansa ba. Da masu buɗe kaset mai lafiya don ƙaiƙayin hannu nake, irin su Bashir.

Bashir

Na ji, Kawu, na kuma karɓa.

Usman

Ku da kaset kuke kuka. Wanda ya riƙe na'urar wasa ta Sega Saturn ya san wani abu. Ita ajiyar a cikin na'urar kanta take, CR2032 guda ke riƙe da ita da agogo, a bayan wata 'yar ƙofa ta baya. Kuma ba ya jimawa. Alamar mutuwarsa ita ce kullum ka kunna ta tambaye ka harshe da kwanan wata kamar yau kuka fara haɗuwa. Ba wasa ɗaya kake rasawa ba, duk wanda ka ajiye a ciki ne, a tashi ɗaya. Sau biyu ta yi min kafin in koyi canza shi tana kunne, tunda zarewa ake yi ba dalma. Yanzu ina da kaset ɗin ajiya da ake zurawa a sama, duk abin da nake ji da shi can nake kwafe shi.

Abin da ya ba ni mamaki Sonic 3 ne na 1994. Na kwance shi da sabon batir a hannu, na duba gaba na duba baya, babu inda za a sa. Wata irin ƙwaƙwalwa ce a ciki, FRAM, ba ta bukata. Super Mario 64 ma haka, ba batir. Don haka kafin mutum ya ɗauko sukudireba ya fara sanin ko akwai abin canzawa.

Zainab

Malam Aminu, tunda ajiyar ta riga ta tafi, ga wata shawara daga mai sharhi. Ka buga shi daga farko kafin ka rubuta komai a kansa. Muddin tsohuwar ajiya tana nan, mutum ba ya sake ganin farkon wasa, musamman irin wannan mai gurbi ɗaya tal, domin fara sabo yana nufin goge tsoho. Sai ka shiga da jarumanka masu ƙarfi ka zaga ka ce wasa ya yi daɗi, alhali ƙuruciyarka kake yabo. Ni sai da ajiya ta ɓace min a wani wasan yaƙin bi-da-bi na gane sa'o'i biyar ɗinsa na farko jan ƙafa ne kawai, ga shi na shekara ina gaya wa mutane babu kamarsa. Na koma na gyara sharhin, wasu har suka ji haushi.

Aminu

Na gode muku duka. Malam Sabo, na bi maganarka. Na samo CR2025 mai kunnuwa, na liƙa, na goge haƙoran kaset da auduga da sifirit, ban hura masa iska da baki ba duk da hannuna ya kai shi bakin sau biyu. Tsohon batirin da na auna, mita ko motsi ba ta yi ba. Na sa shi a 'yar leda na ajiye cikin akwatin, Kawu ya shaida ban yar ba.

Sauran kaset ɗin masu batir na jera su guda goma sha ɗaya, ba zan kwance ko ɗaya ba sai na'urar kwafe ajiya ta iso. Hajiya Hadiza, idan na gwada ta a kan nawa na ga yadda take aiki zan faɗa miki.

Shi kuwa Gold na fara sabo. Ya tambaye ni ƙarfe nawa, na saita masa. Wannan karon Totodile na ɗauka a matsayin dabbata ta farko, kuma Zainab kin yi gaskiya, na manta sam yadda Miltank, dabbar Whitney mai ba da bajo na uku, ke wahalar da mutum, sau uku tana kora ni. Yau Laraba. Dabbar nan Lapras ranar Juma'a kaɗai take fitowa a ƙasan kogon Union Cave, ni kuwa ko Surf, dabarar ƙetare ruwa, ban samu ba tukuna, don haka sai dai ta sati mai zuwa.